Wace manhaja ce mai sauƙi da zan riƙa gyara sikirinshot da ita?

"Assalamu alaikum Malam. A wurin aikinmu ni ne nake koya wa abokan aiki yadda ake amfani da wata manhaja, don haka kusan kullum sai na ɗauki sikirinshot na tura musu. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: in yanke gefen hoto, in sa kibiya, in zagaye wuri da ja, in rubuta kalma biyu ko uku, wani lokaci kuma in rufe suna ko lambar wayar wani. Wani ya ce in sauke GIMP. Na sauke, na buɗe, na rasa ta inda zan fara. Photoshop kuma ta kuɗi ce. Shin akwai wata mai sauƙi wadda ba sai na zauna na yi karatunta ba? Windows nake amfani da ita, amma wasu lokuta a waya nake yi."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, abubuwa biyar kake nema: yanka, kibiya, zagaye, ɗan rubutu, da rufe abin da bai kamata a gani ba. Wanda ya tura ka wajen GIMP bai yi maka ƙarya ba, tana iya yin duka biyar ɗin. Sai dai lamarin ya zama kamar wanda ya je neman allura aka miƙo masa keken ɗinki. Ni ma aikina ke nan shekara da shekaru, rubuta takardun koyar da amfani da manhajoji, kuma hotunan da na gyara ba zan iya ƙirga su ba. Cikinsu waɗanda suka buƙaci babbar manhaja ba su da yawa ko kaɗan.

Tushen ruɗanin shi ne ana haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba. Akwai manhajojin sarrafa hoto, irin su Photoshop da GIMP, waɗanda aka gina domin masu ɗaukar hoto da masu zane: gyara haske, canza launi, cire mutum daga bayan hoto, jera hotuna hawa-hawa. GIMP ɗalibai biyu ne suka fara ta a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1995, Spencer Kimball da Peter Mattis, kuma tun daga lokacin masu irin wannan aikin take yi wa hidima. Shi ya sa a nau'o'inta da na yi aiki da su ba za ka tarar da kibiya a ajiye tana jiranka ba. Ko akwati kake so ka zana, sai ka fara zaɓar wurin, sannan ka shiga wani jerin umarni ka ce a bi gefen zaɓin da layi. Sannan akwai manhajojin yin alama a kan sikirinshot, waɗanda duk rayuwarsu abubuwa biyar ɗin da ka lissafa ne. Su ne naka. Idan ka shiga intanet kana neman "manhajar gyara hoto", na farkon za a yi ta jero maka, shi ya sa mutane da yawa suke ɓata kwanaki a inda ba nan ba ne.

Fara da abin da ke cikin kwamfutarka

Kafin ka sauke komai, danna maɓallin Windows da Shift da S a tare. Fuskar kwamfutar za ta ɗan yi duhu, sai ka ja linzami ka kewaye wurin da kake so. Wannan ita ce Snipping Tool (a Windows 10 sunanta Snip & Sketch), kuma ta riga ta rage maka aiki ɗaya, domin wanda ya ɗauki iya abin da yake so tun farko ba ya buƙatar yanka daga baya. Bayan ka ɗauka wata 'yar sanarwa za ta leƙo a ƙasan allo ta dama. Mutane da yawa ba sa kula ta, su wuce su manna hoton a saƙo. Danna ta. A nan ne wurin gyaran yake.

Abin da za ka tarar a ciki ya danganta da Windows ɗin da kake da ita. Ta Windows 10 tana da alƙalami, abin haskaka rubutu, abin gogewa, rula da abin yanka, amma ba kibiya ba wurin rubutu, kuma kowa ya san yadda zagayen da aka yi da linzami da hannu yake fitowa, kamar yaro ya samu alli. Ta Windows 11 an ƙara mata abubuwa a 'yan shekarun nan. Tana da akwati da da'ira da layi da kibiya, tana iya karanta rubutun da ke cikin hoto ka kwafe shi, kuma akwai wani maɓalli mai suna Quick redact da ke neman adireshin imel da lambar waya ya rufe su da kansa. Kada ka sakankance da shi ɗari bisa ɗari, yakan tsallake wasu, amma yana rage wahala.

Idan abin da kake so ya wuce nan, akwai maɓallin da zai miƙa hoton kai tsaye ga Paint. Na san ana raina Paint, amma da tsohuwar zuma ake magani. Tun Windows ta farko a 1985 take nan, kuma tana da kibiyoyi huɗu a shirye, da akwati, da wurin rubutu. Idan ka riƙe Shift kana jan layi zai miƙe sak, idan da'ira ce za ta fito a zagaye daidai. Zaɓi wuri ka danna Ctrl da Shift da X, an yanke. Aibinta ɗaya ne, kuma babba ne ga mai irin aikinka: da zarar ka ajiye kibiya ka danna wani wuri, ta manne da hoton. Idan daga baya ka ga ta karkace, sai dai ka yi ta komawa baya da Ctrl da Z kana rushe duk abin da ka yi bayanta. A 2023 an ƙara wa ta Windows 11 damar ajiye zane hawa-hawa, wanda ya ɗan rage wannan matsalar, amma sai ka tuna ka buɗe sabon hawa kafin ka zana.

Ga mai hoto ɗaya ko biyu a rana, waɗannan biyun sun wadatar, kuma da haka ne aikinka da a nan zan tsaya.

Idan hotunan suna da yawa

Tunda ka ce kusan kullum ne, kuma koyarwa kake yi, shawarata ita ce Greenshot. Kyauta ce a Windows, ba ta da nauyi, kuma ita na fi daɗewa ina amfani da ita. Bari in nuna maka yadda hoto ɗaya yake tafiya a hannuna. A ce ina so in nuna wa mutum matakai uku na canza lambar sirri. Na danna maɓallin Print Screen, na ja linzami a kan taga ɗin da nake so, sai ɗan jerin zaɓi ya fito yana tambayar ina za a kai hoton. Na ce a buɗe a wurin gyara. Na danna R na ja jan akwati a kan maɓallin farko. Na ɗauki abin lamba na ɗiga a wurare uku, shi da kansa yake ƙirgawa, 1, 2, 3, kowace a cikin ɗan da'ira. Na danna A na ja kibiya daga ta biyu zuwa inda ake rubutu, na danna T na rubuta "a nan za ka sa sabuwar". Sai na lura lamba ta uku ta hau kan wata kalma, na kama ta da linzami na matsar da ita gefe. Na kwafa, na manna a takarda. Duka bai kai minti ɗaya ba.

Wannan matsarwar da na yi a ƙarshe ita ce bambancin da ke tsakaninta da Paint. Duk abin da ka zana yana nan a matsayin abu mai zaman kansa, ka ɗaga shi, ka canza masa launi, ka goge shi, har sai ka adana. Abin lambar nan kuwa, wanda bai taɓa rubuta takardar koyarwa ba ba zai san darajarsa ba. Maimakon ka cika hoto da kibiyoyi biyar suna nuna ko'ina, sai ka sa lambobi, a ƙasa ka rubuta bayanin kowace lamba.

Abu biyu zan faɗa maka game da ita don kada su zo maka a ba-zata. Na ɗaya, kamanninta na da ne, daga 2017 ta yi shekaru ba a fitar da sabon nau'inta ba, don haka kada ka sa ran ado. Na biyu, Windows 11 ta ba Snipping Tool maɓallin Print Screen, sai su biyun su riƙa rigima a kansa. Shiga saitin Windows, ɓangaren sauƙaƙa amfani, ƙarƙashin kibod, ka kashe zaɓin da ya ce Print Screen ya buɗe abin ɗaukar allo.

Za ka ji ana yabon ShareX, kuma ta cancanci yabo. Kyauta ce, tana ɗaukar bidiyon allo, tana ɗaukar dogon shafi, tana yin abubuwa da yawa da ban taɓa buƙata ba. Amma mutumin da GIMP ta ruɗa ba zan tura shi can ba, jerin saitinta kaɗai ya isa ya sa ka rufe kwamfutar. Flameshot ta fi kusa da abin da kake nema, domin a kan allon kake zanen tun kafin ka adana, kuma tana aiki a Windows da Linux da Mac. Snagit ta kamfanin TechSmith ta kuɗi ce, kuma ta fi su duka kammala. Idan wurin aikinku ne zai biya, karɓa. Paint.NET kuma tana tsakiya, ta fi Paint ƙarfi, ba ta kai GIMP rikitarwa ba. Rick Brewster ne ya fara ta yana ɗalibi a 2004. Ita nake buɗewa ranar da nake so in haɗa hotuna biyu gefe da gefe.

Duk wadda ka zaɓa, daga shafin masu ita za ka sauke, ko daga Microsoft Store. Shafukan da ke tara manhajoji kyauta sukan cusa wasu abubuwa a cikin fayil ɗin. Kuma in kwamfutar ta wurin aiki ce, tambayi mai kula da na'urorinku tukuna, domin wurare da yawa sun hana sanya manhaja ba da izini ba.

Rufe suna da lamba: a nan ne nake so ka natsu

Cikin abubuwa biyar da ka lissafa, huɗu idan ka yi kuskure hoto ne kawai zai yi muni. Na biyar idan ka yi kuskure sirrin wani ne ya fita, kuma abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa.

Kusan duk waɗannan manhajojin suna da abin dusashe rubutu, ko dai ya yi hazo-hazo ko ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai. Yana da kyan gani, shi ya sa ake son sa. Amma bai goge rubutun ba, cakuɗa shi kawai ya yi, kuma cakuɗawar tana bin ƙa'ida. A watan Fabrairun 2022 wani mai binciken tsaro, Dan Petro na kamfanin Bishop Fox, ya fitar da wata manhaja mai suna Unredacter don ya nuna hakan. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Manhajar takan yi hasashen harafi, ta rubuta shi da irin salon rubutun da ke cikin hoton, ta farfasa shi kamar yadda aka farfasa na asali, sai ta gwada su. In sun yi daidai ta wuce harafi na gaba. Sikirinshot ya fi kowane hoto sauƙin faɗawa wannan tarkon, domin salon rubutun allo sananne ne, kuma lambobi goma ne kacal daga 0 zuwa 9.

Kuskure na biyu a waya aka fi yin sa. Mutum ya ɗauki abin haskaka rubutu, ya mai da shi baƙi, ya goga a kan lambar asusu sau biyu ko uku har ya ga ta ɓace. An yi abin haskakawa ne don a riƙa ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya karɓi hoton idan ya ƙara masa haske sosai, sau da yawa lambar sai ta fito. Na taɓa gwada wa wata abokiyar aiki wannan a kan hoton da ta turo mini, tana tsaye a bayana lambobin suka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Salati kawai ta yi.

Hanyar da na yarda da ita ɗaya ce: zana akwati, ka cika shi da launi ɗaya mai kauri wanda ba a gani ta cikinsa, baƙi ko toka, ya rufe rubutun har ya ɗan wuce gefensa. Sannan ka adana a matsayin hoto na yau da kullum, PNG ko JPG, inda akwatin zai maye gurbin abin da ke ƙasa gaba ɗaya. Kada ka manna hoto a Word ko PowerPoint ka ɗora masa baƙin akwati a can ka tura fayil ɗin, duk wanda ya buɗe zai iya ɗaga akwatin da linzami. Yankan da ake yi a cikin Word ma ɓoye gefen yake yi, yana nan har sai ka ba da umarnin a share wuraren da aka yanke.

Ko yankan gaske ma ya taɓa ba da kunya. A watan Maris na 2023 masu bincike biyu, Simon Aarons da David Buchanan, suka bayyana wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna aCropalypse a cikin Markup, abin gyara sikirinshot na wayoyin Google Pixel, kuma ba a jima ba aka gano irinta a Snipping Tool ta Windows 11. Abin da ke faruwa shi ne idan ka yanke hoto ka adana a kan tsohon fayil, sabon yakan hau kan farkon tsohon, amma ba a datse ragowar ba. Wutsiyar tsohon hoton tana nan a cikin fayil ɗin, ido ba ya ganinta, amma mai ilimin abin zai iya dawo da wani ɓangare na abin da aka yanke. Kamfanonin biyu, Google da Microsoft, sun toshe ɓarakar, sai dai hotunan da aka riga aka tura sun tafi a haka. Tun daga lokacin na ɗauki wata ɗabi'a: idan hoto yana da abu mai muhimmanci, bayan na gama rufewa sai in sake ɗaukar sikirinshot na hoton da na gyara, in tura wannan sabon. Abin da ba ya kan allo ba zai shiga cikinsa ba.

Ni kaina na taɓa yin abin kunya, kuma ba laifin wata manhaja ba ne. Na rufe suna, na rufe lamba, na duba sau biyu, na tura wa mutum fiye da ashirin. Ashe can sama a burauza akwai wani shafi a buɗe, kansa yana ɗauke da sunan mutumin da na wahala ina ɓoyewa. Don haka kafin ka tura, bi gefunan hoton huɗu da ido: shafukan burauza, adireshin da ke sama, sanarwar da ta leƙo, sunayen fayiloli, da layin ƙasa inda agogo yake.

Haka kuma ka yi hattara da maɓallin da ke ɗora hoto a intanet ya ba ka adireshi. Wasu manhajojin ɗaukar allo da wannan suke tallata kansu. An sha yin rahoto a kan Lightshot cewa adiresoshin hotunanta gajeru ne, har mutum zai iya canza haruffa ya faɗa kan hoton wani da bai sani ba. Shafukan gyara hoto na cikin burauza ma, da yawansu sai sun ɗauki hoton zuwa na'urorinsu kafin su gyara. Hoton aiki ya zauna a kwamfutarka.

A waya, da maganar inganci

A waya ba ka buƙatar sauke komai. Ko Android ko iPhone, da ka ɗauki sikirinshot ƙaramin hotonsa zai fito a gefe, taɓa shi ka shiga wurin gyara. A iPhone alamar tarawa tana ba ka rubutu da siffofi, har da akwatin da za ka iya cikawa da launi. A Android abin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma yanka da alƙalami da rubutu kusan kowace tana da su. Manhajojin gyara hoto na kyauta da ke cike da talla, waɗanda ke neman izinin ganin duk hotunanka, ba su da abin da za su ƙara maka a wannan aikin. Mai Mac kuma Command da Shift da 4 ne, sannan manhajar Preview ta yi sauran.

Idan an ba ka zaɓi, adana a PNG. An yi JPG ne domin hotunan kyamara, yana rage nauyi ta hanyar zubar da abin da ido ba zai lura da shi ba a fuska ko a sararin sama, amma a gefen haruffa zubarwar takan bar wani datti-datti, kuma duk sake adanawa ƙara shi take yi. PNG ba ya zubar da komai. Idan rubutun ya yi ƙanana, kada ka ja hoton ka ƙara masa girma bayan ka ɗauka, dushewa zai yi. Ƙara girman shafin tukuna da Ctrl da alamar tarawa, sannan ka ɗauka. WhatsApp ma yakan matse hoto, don haka in akwai ƙananan rubutu tura shi a matsayin fayil.

Ka lura yawancin abin da na faɗa daga Windows na ɗauko shi, domin a nan aikina ya fi yawa, kuma waɗannan manhajojin suna canza wurin maɓallansu daga sabuntawa zuwa sabuntawa, ta yiwu abin da na ce yana dama ka same shi a hagu. Suna kuma da iyaka. Ranar da aka ce ka cire bayan hoto, ko ka gyara hoton kyamara, ko ka shirya abin da za a buga a babbar takarda, Greenshot ba za ta kai ka ba, sai ka koma wa Paint.NET ko GIMP ɗin da ka riga ka sauke, don haka kada ka yi saurin goge ta. Amma na gobe da safe, gwada Windows da Shift da S tukuna na kwana biyu ko uku. Idan ka ga kana yawan buƙatar lambobin matakai, ko kana jin haushin kibiyar da ta ƙi matsawa, sai ka sauke Greenshot.